Daga Tomonoura zuwa Bakalori: wa zai zama jagoran ruwanmu?

A yammacin ƙasar Japan, cikin lardin Hiroshima, akwai wani ƙaramin gari na bakin teku da ake kira Tomonoura. Baƙon da ya sauka can yana iya biyan kuɗi a ba shi kayak, wato siririn kwalekwale mai cin mutum ɗaya ko biyu, wanda ake tuƙawa da filafili mai baki biyu. Za a ɗaura masa rigar kariya daga nutsewa, a koya masa riƙon filafili tun yana bakin gaɓa, sannan ya bi bayan jagora su ratsa tsohuwar tashar jiragen ruwan garin su nufi tsibiran da ke gabanta. Tafiyar 'yan sa'o'i ce. Kwalekwalen kansa roba ce da aka ƙera a masana'anta, irinsa ana samu a kowace ƙasa mai teku. Abin da baƙon ya biya kuɗi dominsa yana cikin kan jagoran, kuma iri biyu ne: sanin halin ruwan, da sanin labarin wurin.

Ilimin nan iri biyu muna da shi a kan tafkin Bakalori, tsakanin Maradun da Talata Mafara da Bakura. Yana hannun masunta da 'yan fito da dattawan da aka tasa daga gidajensu, yana kuma ƙarewa a kan idonmu ba tare da wata hukuma ta ɗauke shi a bakin komai ba. Ra'ayina shi ne a fara tattara shi a kuma ba masu shi matsayi tun yanzu, kada a jira sai an samu zaman lafiya. Amma bari mu ɗan tsaya a Tomonoura tukuna, domin dalilin da ya sa jagoran can yake da abin nunawa.

Garin yana kusan tsakiyar tekun Seto, wanda manyan tsibiran Japan suka kewaye. Idan teku ta ciko, ruwa yakan shigo ta gabas da ta yamma ya haɗu a daidai wannan yanki, idan kuma ta janye sai ya rabu ya koma inda ya fito. A zamanin jiragen da iska da igiyar ruwa ke turawa, matuƙi yakan biyo cikowar ruwan ya shigo Tomonoura, ya ɗaure jirginsa ya jira, sai ruwan ya juya ya ɗauke shi zuwa ɗaya ɓangaren. Shi ya sa ake yi wa garin laƙabi da tashar jiran ruwa. Jiran nan ne ya kafa kasuwa da masaukai da rumbunan 'yan kasuwa. Har yau hasumiyar fitila ta dutse da aka gina a 1859 tana tsaye a bakin tashar, haka ma matakalan dutse da ake sauke kaya a kansu ko ruwa ya cika ko ya janye. Jakadun Koriya da ke wucewa zuwa fadar Edo sukan sauka a wani masauki na haikalin Fukuzenji, kuma a 1711 suka yaba kyan wurin yabon da har yau garin ke tinƙaho da shi. A 1867 jirgin Iroha Maru na Sakamoto Ryoma ya yi karo da wani jirgi ya nutse a kusa, aka zo Tomonoura aka fara zaman neman diyya. Duk wannan jagora yana iya nuna shi da bakin filafili yana zaune a kan ruwa.

Da ƙyar tashar ta tsira. Tun 1983 hukumomin lardi da na birnin Fukuyama suka tsara cike wani ɓangare nata da ƙasa da kuma gina gada a kanta. Ba mugunta ta sa su ba. Titunan garin ƙanana ne ƙwarai, motoci biyu ba sa giftawa cikin sauƙi, kuma mazauna da yawa, musamman masu tsofaffin iyaye da ke tunanin motar asibiti, suna son gadar. Wasu mazaunan suka ƙi, suka kai ƙara. A ranar 1 ga Oktoba 2009 kotun gundumar Hiroshima ta hana gwamnan lardin ba da izinin cikon, tana mai cewa kamannin garin da tarihinsa dukiya ce ta al'ummar ƙasa baki ɗaya, kuma mazauna suna da haƙƙin da doka ke karewa a kai. A 2012 gwamna ya sanar da janye shirin, a 2016 aka rufe maganar, daga baya aka huda dutsen da ke bayan gari aka fitar da hanyar mota ta ƙarƙashinsa. An kwashe sama da shekara talatin ana jayayya, maƙwabta sun ɓata da juna, amma ba a harbi kowa ba.

A nan ne labarin ya taɓa ni, domin mu mutanen Dakko da Birnin Tudu da sauran ƙauyukan Bakura mun san yadda irin wannan jayayya ta ƙare a wajenmu.

An fara gina madatsar Bakalori a kan kogin Sakkwato a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yi yawa, aka kammala a 1978. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin, a ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. Tsawon bangon ya kai kilomita 5.5, tafkin kuma yana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ya shimfiɗu a kan hekta wajen 8,000. Manufar ita ce noman rani na zamani a kan dubban hektoci. Kafin ruwan ya taru sai da aka tashi mutum kimanin 13,000 daga gidajensu da gonakinsu, har da tsohon mazaunin Maradun, aka kai su tudu mai ƙarancin albarka. A ƙasan madatsar kuma aka karɓe gonaki domin a baje su a haƙa magudanai, aka sare itatuwan amfani, manoma suka yi damina bayan damina ba su yi shuka ba, diyya kuwa ko ta makara ko ta gaza ko ta faɗa hannun da ba nata ba. Da tura ta kai bango sai manoma suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen watan Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa ƙauyukan, Birnin Tudu na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu. Masu bincike da mutanen yankin sun ce sun haura ɗari uku.

Masana sun yi rubutu a kan wannan. Björn Beckman ya rubuta yadda manoma suka kara da gwamnati da 'yan kwangila, William Adams kuma ya nuna yadda tare ambaliyar shekara-shekara ya rage noman shinkafa da kamun kifi a fadamun da ke ƙasan madatsar. Sai dai rubuce-rubucen da Turanci suke, a mujallun jami'o'i, kuma da wuya ka sami ɗalibin sakandare a Talata Mafara da ya taɓa ganin ɗaya daga cikinsu. A bakin tafkin, yaron da aka haifa bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 yana ganin ruwa ne kawai, kamar tun fil azal yake nan.

To amma ƙarƙashin ruwan akwai unguwanni da masallatai da maƙabartu da rijiyoyi da hanyoyin kasuwa. Wanda yake da shekara ashirin lokacin da aka tashi garin, yanzu yana dab da saba'in. Shi ne kaɗai zai iya zama a cikin jirgi ya ce nan ne ƙofar gari, can ne gonar gidanmu, ta nan kogin yake bi kafin a tare shi. Jagoran Tomonoura yana da duwatsu da littattafai da za su tuna masa idan ya manta. Namu jagoran ba shi da komai sai ƙwaƙwalwarsa, ranar da aka kai shi makwanci kuwa an tafi da taswirar ke nan.

Japan ma ta nutsar da garuruwa, kada mai karatu ya ɗauka can aljanna ce. Madatsar Tokuyama da ke lardin Gifu, wadda aka kammala a 2008, ta cinye ƙauye guda sukutum. Bambancin shi ne wata dattijuwa 'yar ƙauyen, Masuyama Tazuko, ta sayi ƙaramar kyamara tun ƙarshen shekarun 1970 ta yi ta ɗaukar maƙwabta da gonaki da bukukuwa har ta tara hotuna kusan dubu ɗari kafin rasuwarta. Mu ba mu sami wannan damar ba, ruwa ya riga mu. Abin da ya rage mana shi ne muryoyin waɗanda suka gani, kuma yau kusan kowane malamin firamare yana da wayar da za ta iya naɗar su.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma yana da gaskiya. Wane yawon shaƙatawa ake magana a kai a yankin da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura a watan Agusta, aka kwashe ɗalibai a Kaya ta Maradun a farkon Satumba, har sai da aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya? Babu. Duk wanda ya zo yau da takardar kasafin gina wurin hutawa a bakin Bakalori, da kwalekwalen roba masu launi da rumfunan shan lemo, kwangila yake nema. Mun ga irin waɗannan gine-gine a bakin madatsun Arewa da dama, ana buɗe su da kaɗe-kaɗe, bayan shekara biyar jemagu su gaje su. Ba wannan nake kira a yi ba.

Ɓangaren aikin jagora da ya fi gaggawa a wajenmu shi ne na farko, wato sanin halin ruwa da ikon cewa a'a. Jagoran kayak na ƙwarai yana duba hasashen iska da jadawalin cikowar teku kafin ya fita, yana ƙidaya mutanensa, ba ya ɗaukar wanda ya ƙi sa riga, kuma idan sama ta ɓaci yakan soke tafiyar ya mayar da kuɗi. Wannan na ƙarshe shi ne mafi wuya, domin asara ce a aljihunsa. Da aka yi sakaci da shi a Japan ɗin, sun ga sakamako: a Afrilun 2022 wani jirgin 'yan yawon buɗe ido ya fita a Shiretoko duk da gargaɗin iska, ya nutse da mutum 26, babu wanda aka samu da rai. An soke lasisin kamfanin, an kuma tsananta doka.

Mu kuwa lissafinmu ya fi haka tsawo. A Mayun 2021 jirgi ya kife a kusa da Warra ta Jihar Kebbi da mutane fiye da ɗari. A ƙarshen Nuwamban shekarar, a kan madatsar Watari da ke Bagwai ta Jihar Kano, jirgin da ya taso daga Badau ya nutse, mutum wajen talatin suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi. A Satumban 2024 manoman Gummi da ke tsallakawa zuwa gonakinsu suka nutse da dama. A Agustan 2025 sai ga na masu zuwa kasuwar Goronyo. Labarin ɗaya ne kusan kowane lokaci: jirgin katako da ya tsufa, lodi fiye da ƙima, babu rigar kariya ko ɗaya, sai ta'aziyya daga gidan gwamnati da alkawarin sayo jirage. Na Bagwai ya fi kama da namu, domin tafkin madatsa ne. Ruwan madatsa yana da nasa makirci. Yana ɓoye kututturan itatuwa da ragowar gine-gine, zurfinsa yana sauyawa tsakanin damina da rani, kuma faɗinsa yana ba iskar hadari filin tayar da igiyar da kogi ba ya tayarwa. Rashin tsaro kuma ya ƙara wa ruwa fasinja, domin inda hanyar mota ta zama tarko, mutane sukan gwammace su tsallaka ta jirgi, wani lokaci da dare, wani lokaci a guje.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, tana da ƙa'idoji: ban da tafiyar dare, ban da lodi fiye da ƙima, kowa ya sa riga. Ƙa'idojin ba su da laifi. Matsalar ita ce babu jami'in tarayya da zai kwana a kowace mashaya ta ƙauyen Maradun yana ƙidaya kawuna, kuma ba za a taɓa samunsa ba. Wanda yake wurin kullum shi ne Sarkin Ruwa da mutanensa.

Wannan sarauta ba ado ba ce a ƙasar Hausa. Sarkin Ruwa ne ke faɗin lokacin da za a shiga su da lokacin da za a bar kifi ya hayayyafa, shi ake kira idan mutum ya nutse, kuma a gidajen Sarkawa ake gadon iyo da nutso da sanin inda ruwa ke da ci. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya ɗauki siffarsa ta yanzu tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ba a faɗa wa Matan Fada sai masu ruwa sun ba da izini, wasannin Kabanci kuwa, tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwar ruwa, jarrabawa ce ta wannan ilimi a bainar jama'a. UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ke nan tsarin jagoranci a kan ruwa ba sai mun aro daga waje ba. Abin da muka yi shi ne muka bar masu shi da rawani muka ƙwace musu iko. Ɗan fito da ya loda mutum hamsin a jirgin mutum ashirin ya san yana ganganci, amma kuɗin mai da na gyara sun fi ƙarfin fasinja ashirin, kuma idan ya ƙi, na kusa da shi zai ɗauka. Babu wanda zai iya hana su duka a lokaci ɗaya sai hukumar da suke jin nauyinta, wadda kuma gwamnati ta tsaya mata.

Saboda haka abin da nake nema daga ƙananan hukumomin Maradun da Bakura da Talata Mafara, tare da masarautunsu, ƙarami ne idan aka auna shi da biliyoyin da shirin TRIMING na Bankin Duniya ya kashe wajen gyaran magudanan Bakalori tun daga 2014. A rubuta sunan kowane jirgi da mai shi a kowace mashaya. A shafa wa kowane jirgi layin fenti a jikinsa, idan ruwa ya taɓa layin an daina lodi, abin da ko wanda bai yi makaranta ba zai gani da idonsa ya yi magana. A ajiye rigunan kariya a mashaya a hannun Sarkin Ruwa, fasinja ya karɓa a wannan gaɓa ya miƙa a waccan, domin rabon riguna ga ɗaiɗaikun mutane a ranar bikin ƙaddamarwa yakan ƙare ne a kasuwa. A ba Sarkin Ruwa ikon hana jirgi tashi da kuma ɗan albashin da zai sa ya iya ƙin cin hanci. Na yarda akwai sarakunan ruwa da su ma suke da jirage, kuma mai jirgi ba zai yi wa kansa hukunci ba. Amsar wannan ita ce a sa limami da wakilin manoma da wakiliyar mata masu zuwa kasuwa su riƙa duba littafin rajistar, tun da su ne 'ya'yansu ke shiga jirgin.

A wajen wannan rajistar ne kuma za a haɗa da aikin na biyu. Mutumin da ya san inda kututture yake a ƙarƙashin ruwa, sau da yawa shi ne ya san kukar wace unguwa ce. Taswirar haɗari da taswirar tarihi abu ɗaya ne a Bakalori. Muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, da kwalejin ilimi a Maru, da jami'ar tarayya a Gusau, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato mai tsohon sashen tarihi. Kowace shekara ɗalibansu suna rubuta kundin kammala karatu a kan batutuwan da aka maimaita sau ɗari. Malami ɗaya mai himma zai iya tura ɗalibai 'yan asalin yankin, waɗanda ko yaya sai sun je gida hutu, su zauna da dattawa su naɗi bayani da Hausa, su zana tsohon gari yadda masu shi suka tuna shi, unguwa bayan unguwa. Ba sai an shiga daji ba, domin da yawa daga cikin dattawan nan rikici ya riga ya koro su cikin garuruwa.

Akwai masu ganin tono maganar 1980 tayar da tsohon miki ne, a lokacin da muke da sababbi da ba su warke ba. Ban raina wannan tsoron ba, amma ban yarda da shi ba. Duk wanda ya saurari yadda rikicin Zamfara na yanzu ya faro zai ji maganar gona da burtali da mashaya, da hukumar da ta raba ƙasa ba ta tambayi masu ita ba, da ƙorafin da aka kai ba a saurara ba. Bakalori ba ita ta haifi 'yan bindiga ba, kuma ba zan ce haka ba. Amma ita ce babban misali da aka rubuta na yadda ake yanke hukunci a kan ƙasar talakan wannan yanki daga nesa, da abin da ke biyo baya idan ya ce bai yarda ba. Jami'in da zai tsara madatsa ko hanya ko filin kiwo gobe ya kamata ya karanta shi, da harshen waɗanda abin ya faɗa wa.

Idan Allah Ya kawo sauƙi, wataƙila baƙon farko da zai biya kuɗi a zagaya da shi tafkin ba Bature ba ne, ba kuma Bajapane ba. Jikan mutumin tsohuwar Maradun ne da ya tashi a Kaduna ko Abuja, ko ajin ɗaliban sakandare daga Gusau da malaminsu na labarin ƙasa. Za su sa riguna a mashaya, a ƙidaya su, ɗan fito ya dubi gabas ya ce yau ana iya fita. A tsakiyar ruwa zai tsayar da jirgi ya ce musu a nan ƙasanmu kasuwa take, kuma zai faɗa ne don kakansa ya faɗa wa wani ɗalibi, ɗalibin ya rubuta.